Mizanin Duniya da Tsara Gwajin Manhajar Kwamfuta: Waiwaye Kan Tarihi, 1949 zuwa 2024

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san kasuwar hatsi ya san cewa gardamar mai saye da mai sayarwa ta fi tasowa daga mudu, ba daga hatsin ba. Matuƙar mudun wannan kasuwa ya bambanta da na waccan, to, furucin "mudu goma" ba shi da tabbatacciyar ma'ana sai an ga kwanon da aka yi awon da shi. Irin wannan matsala ce ta daɗe tana addabar sana'ar rubuta manhaja, wato jerin umarnin da ake ba na'ura mai ƙwaƙwalwa domin ta gudanar da wani aiki. Kamfani yakan miƙa wa banki ko asibiti manhaja ya ce "an gwada ta", alhali mai karɓa ba shi da wata hanya ta sanin abin da aka gwada, da abin da aka tsallake, da kuma dalilin tsallakewar.

Wannan maƙala ta bi diddigin ƙoƙarin da aka yi na samar da mudu guda a wannan fage. An yi amfani da kalmar "mizani" da nufin rubutacciyar ƙa'idar aiki wadda wata hukuma ta ƙwararru ta amince da ita. An kuma yi amfani da "ƙwayar gwaji", bisa kwatancin "ƙwayar sauti" da manazarta harshe suka saba da ita, da nufin tambaya guda da ake yi wa manhaja: a ba ta bayani kaza, a cikin yanayi kaza, ana sa ran ta mayar da amsa kaza. Tsara gwaji shi ne zaɓen waɗannan ƙwayoyi. Abin da tarihin ya nuna shi ne, mizanai sun yi amfani ƙwarai a inda suka koyar da yadda ake wannan zaɓe da yadda ake auna shi, sun yi rauni a inda suka tsaya ga tsarin takardu, sannan akwai wata iyaka da babu wanda ya ƙetare ta a cikinsu.

2.0 Kafin Zuwan Mizani

A shekarar 1949 aka fara aiki da kwamfutar EDSAC a Jami'ar Kambirij ta Ingila. Maurice Wilkes, wanda ya jagoranci ƙera ta, ya ba da labari daga baya cewa tun a wannan shekara ya fahimci cewa wani babban kaso na sauran rayuwarsa zai tafi ne wajen neman kurakuran da ke cikin umarnin da ya rubuta da hannunsa. A zamanin, gwaji da gyara abu guda ne. Marubuci yakan saki manhajarsa, in ta tsaya ya lalubo dalili ya gyara, in ta wuce ya ce ta yi.

Da kwamfuta ta shiga manyan ayyuka sai tsadar wannan sakaci ta fara bayyana. Ranar 22 ga Yuli, 1962, Amurka ta harba kumbon Mariner 1, amma cikin minti biyar dole aka tarwatsa shi a sama domin ya kauce wa hanya, kuma daga cikin dalilan har da wata 'yar alama guda da ta faɗi yayin kwafar lissafi zuwa umarnin kwamfuta. A watan Oktoba na 1968 ƙungiyar tsaro ta NATO ta tara masana kimanin 50 a garin Garmisch na Jamus, inda suka amsa a fili cewa manyan manhajoji suna zuwa a makare, da tsada fiye da kasafi, cike da kurakurai.

A wannan tsakani ne Edsger Dijkstra, masani ɗan ƙasar Holan, ya fito da hujjar da ta zama ginshiƙin duk abin da ya biyo baya, wato gwaji yana iya nuna cewa akwai kuskure, amma ba ya iya tabbatar da cewa babu. Lissafi kaɗan ya isa ya nuna dalili. A ɗauki manhajar da aikinta kawai ta ninka lambobi biyu, kowace mai gurbi 32 a ƙwaƙwalwar na'ura. Yawan haɗuwar da lambobin za su iya yi ya haura biliyan sau biliyan goma sha takwas. Ko da na'ura tana gwada biliyan guda a kowace daƙiƙa, sai ta share fiye da shekara 580 kafin ta gama. Tun da gwada komai ba ya yiwuwa, ashe ke nan dukan sana'ar ta koma ga tambaya guda: waɗanne ƙwayoyi ƙalilan za a zaɓa su wakilci sauran?

Amsoshi sun fara fitowa a shekarun 1970. William Hetzel ya shirya taron farko da aka keɓe wa gwajin manhaja a Chapel Hill ta Amurka a 1972. John Goodenough da Susan Gerhart sun buga maƙala a 1975 kan ra'in zaɓen bayanan gwaji. Amma wanda ya fi tasiri shi ne Glenford Myers na kamfanin IBM, wanda littafinsa na 1979 ya juya manufar gwaji baki ɗaya. A wurinsa, gwajin da ya yi nasara shi ne wanda ya tono kuskure. Ya buɗe littafin da jarrabawa mai kama da wasan yara: manhaja ce da ake ba tsawon gefe uku, ta faɗi ko wace irin alwatika ce. Ya nemi mai karatu ya rubuta ƙwayoyin gwajinta, sannan ya auna su da tambayoyi goma sha huɗu. Ya ruwaito cewa ƙwararrun marubuta manhaja ba su wuce cin kimanin takwas ba a matsakaici. Da yawa sun manta su gwada sifiri, ko lambar da ke ƙasa da sifiri, ko tsawo uku da ba za su taɓa haɗa alwatika ba.

3.0 Mizanin Takardu

Mizani na farko da ya shahara a wannan fage shi ne IEEE 829, wanda cibiyar injiniyoyin lantarki mai hedikwata a Amurka ta fitar a 1983. Abin lura shi ne bai ce komai ba game da tambayar Dijkstra da Myers. Abin da ya tanada takardu ne guda takwas da abin da ya kamata kowace ta ƙunsa: shirin gwaji, bayanin tsarin gwaji, bayanin ƙwayoyin gwaji, matakan gudanarwa, takardar miƙa abin da za a gwada, kundin abin da ya faru, rahoton tangarɗa, da rahoton ƙarshe. Ya nuna inda za a rubuta dabarar da aka bi, bai koyar da dabarar ba.

Duk da haka raina shi kuskure ne, kuma labarin na'urar Therac-25 ya isa shaida. Wannan na'urar gashi ce ta masu ciwon daji, ƙirar kamfanin AECL na Kanada. Tsakanin Yuni 1985 da Janairu 1987 ta ɗirka wa marasa lafiya shida haske mai ƙuna da ya ninka abin da likita ya rubuta nesa ba kusa ba, a asibitoci na Amurka da Kanada, kuma aƙalla uku sun mutu a sanadiyyar haka. Magabatanta suna da makullan ƙarfe da na lantarki masu hana irin wannan haɗari, amma a cikinta an cire su an dogara ga manhaja. Binciken da Nancy Leveson da Clark Turner suka buga a 1993 ya nuna cewa lokacin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta nemi ganin takardun buƙatu da shirin gwajin manhajar, abin da ke ƙasa bai taka kara ya karya ba. Jami'in kamfanin ya ambaci awa 2,700 na gwaji, da aka matsa masa sai ta bayyana cewa awannin amfani da na'urar yake nufi. Amfanin mizanin takardu ke nan a taƙaice: yana sa rashin gwaji ya fito fili, tun da gurbin da ba a cike ba a takarda kowa na iya ganinsa.

To amma ko da an cike takardun nan takwas, babu tabbacin da an kama kurakuran, domin kama su aikin tsara gwaji ne. A garin Tyler na jihar Taksas, a 1986, tangarɗar tana aukuwa ne kawai idan ma'aikaciya ta buga harafin da ba shi ba, ta koma ta gyara, ta kammala duka cikin daƙiƙa takwas. Sabon hannu ba ya kai wannan sauri, sai wanda ya goge. A Yakima kuwa, a 1987, wani maƙirgi ne mai ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255 yake komawa sifiri a duk zagaye na 256, sifiri kuma a wurin manhajar yana nufin komai lafiya. Idan aka yi rashin sa'a aka danna maɓalli a daidai wannan lokaci, sai ta tsallake binciken tsaro. Mai gwajin da bai zauna ya tambayi kansa abin da zai faru a bakin iyakar maƙirgin ba, zai iya shekara yana danne-danne bai ci karo da shi ba.

4.0 Mizanin Dabaru da Awo

Gyaran wannan giɓi ya zo ta hanyoyi biyu da ba su haɗa tushe ba. Ta farko daga masana'antar jiragen sama ta fito. A watan Disamba na 1992 ƙungiyar RTCA ta Amurka da takwararta EUROCAE ta Turai suka fitar da ƙa'idar DO-178B, wadda hukumomin sufurin sama suka riƙa a matsayin hanyar amincewa da manhajar jirgi. Ta kasa manhaja mataki biyar, daga A zuwa E, gwargwadon munin abin da zai faru idan ta gaza. Mataki na A shi ne wanda gazawarsa ke iya faɗar da jirgi, na E kuwa bai shafi tsaro ba. Kowane mataki da zurfin gwajin da aka wajabta masa. Wannan tunani na daidaita nauyin gwaji da nauyin haɗari ya bazu zuwa mizanin IEC 61508 na na'urorin masana'antu da ISO 26262 na motoci, wanda ya fito a 2011.

Abin da DO-178B ta wajabta wa mataki na A ya cancanci a tsaya a kansa. Manhaja takan yanke hukunci bisa sharuɗɗa da dama a haɗe, alal misali: a kaɗa ƙararrawa idan jirgi yana tafiya, kuma ko dai ƙofa a buɗe take ko kuwa makullinta bai kama ba. Sharuɗɗa uku suna iya haɗuwa ta fuska takwas. Goma suna haɗuwa ta fuska 1,024, ashirin kuwa ta fuska fiye da miliyan. Ƙa'idar ba ta nemi a gwada duka ba. Ta nemi a nuna, ga kowane sharaɗi, ƙwayoyin gwaji biyu da suka nuna cewa sauya shi kaɗai yana sauya hukuncin. Da wannan dabara sharuɗɗa uku sukan buƙaci ƙwayoyi huɗu, goma kuma sukan buƙaci goma sha ɗaya. John Chilenski da Steven Miller sun yi cikakken bayaninta a 1994. Nan ne aka fara ganin mizani yana amsa tambayar zaɓe da lissafi, ta yadda jami'in hukuma da bai rubuta layi ko ɗaya ba zai iya bincika ko an cika sharaɗin.

Hanya ta biyu daga Birtaniya ta fito. A 1989 wani rukuni na masu gwaji a ƙarƙashin ƙungiyar masana kwamfuta ta ƙasar ya fara aikin sa kai na tattara dabarun da ke warwatse a littattafai. Aikin ya ci shekara tara, ya fito a 1998 da sunan BS 7925, kashi na ɗaya ƙamus ne na kalmomin sana'ar, na biyu kuma dabarun gwajin sassan manhaja. Sabon abin da ya kawo shi ne, ga kowace dabara ya ba da ma'ana guda, da matakan fitar da ƙwayoyin gwaji, da kuma ma'aunin faɗin abin da gwajin ya taɓa, a lissafin kashi cikin ɗari.

Misali zai fi fayyace wannan. A ƙaddara manhajar da ke karɓar makin ɗalibi daga 0 zuwa 100, ta ce ya ci idan ya sami 40 ko fiye. Dabarar rabo aji-aji tana cewa duk bayanan da ake sa ran manhajar za ta yi wa hukunci iri ɗaya aji guda ne, kuma wakili guda ya wadatar. Azuzuwan a nan biyar ne: makin faɗuwa, makin ci, lambar da ke ƙasa da sifiri, lambar da ta haura ɗari, da abin da ba lamba ba ne sam. Babu ribar gwada 55 da 60 da 65, domin duk amsa guda suke nema. Wanda ya gwada azuzuwa huɗu cikin biyar ya taɓa kashi 80 cikin ɗari, kuma kowa zai iya nuna ajin da ya bari. Sai dabarar bakin iyaka ta ɗora da cewa kuskure ya fi son maƙalewa a inda aji ya haɗu da aji, tun da a nan ne marubuci yakan rubuta "fiye da 40" a maimakon "40 ko fiye". Saboda haka sai a gwada 39 da 40, da 100 da 101, da sifiri da abin da ke ƙasa da shi. Ƙwayoyi goma sha ɗaya ko ƙasa da haka sun yi aikin da ɗaruruwan gwaji na kan-mai-uwa-da-wabi ba lalle su yi ba. Ɗalibin da ya sami 40 cif aka rubuta masa faɗuwa shi ya san darajar wannan dabara.

Dabarun ba sababbi ba ne, akasarinsu suna cikin littafin Myers. Abin da mizanin ya ƙara shi ne mudu. Daga wannan lokaci mai ba da kwangila yana iya rubuta cewa yana son a taɓa dukan azuzuwa da dukan iyakoki da kowane reshen hukunci, ya kuma tabbata cewa shi da ɗan kwangila abu guda suke nufi. Wannan ya fi amfanar mai sayen manhaja a kan mai ƙera ta, musamman hukumomi da bankunan ƙasashen da ke shigo da ita daga waje, waɗanda ba su ganin cikinta, sai dai abin da aka ce musu. Ƙamus ɗin kuma ya zama ɗaya daga tushen jarrabawar shaidar ƙwarewa da aka fara a Birtaniya a 1998, wadda hukumar ISTQB, da aka kafa a 2002, ta yaɗa a duniya.

5.0 Inda Mudu Bai Kai Ba

Ranar 4 ga Yuni, 1996, aka harba rokar Ariane 5 karo na farko daga Kuru, a yankin Giyana na Faransa, ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu na binciken kimiyya. Kimanin daƙiƙa 40 da kunna ta sai ta karkace ta tarwatse. Kwamitin bincike ƙarƙashin Jacques-Louis Lions ya miƙa rahotonsa a watan Yuli. Na'urar da ke gaya wa rokar matsayinta an gaje ta ne daga Ariane 4. A cikin manhajarta akwai wurin da ake juya lamba mai gurbi 64 zuwa mai gurbi 16, wadda ba ta ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Injiniyoyi sun san da haɗarin. Sun gano lambobi bakwai masu irin wannan rauni, suka kāre huɗu, suka bar uku bisa hujjar cewa ba za su taɓa kai iyakar ba. Hujjar gaskiya ce ga Ariane 4. Ariane 5 kuwa gudunta na kwance a farkon tashi ya ninka na magabaciyarta sau da dama. Lambar ta cika ta batse, na'urar ta kashe kanta kamar yadda aka umarce ta, ta ajiya ma ta riga ta mutuwa da 'yan ɗigon daƙiƙa, tun da manhajarsu ɗaya ce.

Wannan matsalar bakin iyaka ce ƙarara, irin wadda dabarar da aka bayyana a sama take kamawa. Me ya hana a kama ta? Rahoton ya nuna cewa ba a saka bayanan hanyar tashin Ariane 5 cikin takardar buƙatun na'urar ba, kuma a babban gwajin kwaikwayon tashi ba a sa ainihin na'urar ba, kwaikwayonta aka sa. Da aka maimaita gwajin bayan haɗarin da bayanan gaskiya, tangarɗar ta fito daidai yadda ta faru. Dabarun mizani daga takardar buƙatu suke fitar da ƙwayoyinsu, ko kuma daga umarnin da aka riga aka rubuta. Abin da ba ya cikin ɗayansu ba ya shiga lissafin kashi cikin ɗari. Mai gwaji zai iya kawo rahoton ɗari bisa ɗari da gaskiyarsa, alhali zaton da aka gina aikin a kansa ya riga ya ruɓe.

6.0 ISO 29119 da Gardamar da Ta Biyo Baya

A farkon ƙarni na 21 mizanan suna nan birjik amma a warwatse: takardu na Amurka, dabaru na Birtaniya, kalmominsu kuma ba su cika jituwa ba. Wani rahoto da cibiyar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fitar a 2002 ya ƙiyasta cewa kurakuran manhaja suna ci wa tattalin arzikin ƙasar dala biliyan 59.5 a shekara, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na wannan asara ana iya kauce masa da ingantaccen gwaji. A 2007 hukumar ISO mai mazauni a Janeba, wadda kowace ƙasa ke da wakili guda a cikinta (hukumar SON ce ke wakiltar Nijeriya), tare da IEC, suka kafa kwamitin aiki na 26 ƙarƙashin Stuart Reid, wanda dama shi ne jigo a aikin BS 7925. Kashi uku na farko na mizanin 29119, wato ma'anoni da matakan aiki da takardu, sun fito a 2013, suka maye gurbin IEEE 829. Kashi na huɗu, na dabarun tsara gwaji, ya fito a 2015 ya gaji BS 7925, aka kuma sabunta shi a 2021.

Kashi na huɗun ya kasa dabaru gida uku: masu tushe daga takardar buƙatu, masu tushe daga ginin umarnin, da masu tushe daga gogewar mai gwaji. Ya haɗa da gwajin haɗuwa bibbiyu, wanda binciken Richard Kuhn da abokan aikinsa a NIST ya ƙarfafa, domin sun gano cewa mafi yawan tangarɗun da suka nazarta abu ɗaya ko haɗuwar abu biyu ke tayar da su, kuma babu wadda ta buƙaci fiye da shida. Sai dai gida na uku, na gogewa, dabara guda ce tak a cikinsa, wato cankar kuskure. Wannan rashin daidaito ba sakaci ba ne. Abin da ake iya rubutawa mataki-mataki shi ke shiga mizani, basirar wanda zai tambayi ko Ariane 5 tana tashi kamar Ariane 4 kuwa ba ta rubutuwa haka.

Kan wannan gaɓa aka yi arangama. A watan Agusta na 2014, a wani taron masu gwaji a birnin Niyok, James Christie ya gabatar da jawabin suka, daga nan aka buɗe takardar koke ta neman a dakatar da mizanin, wadda fiye da mutum dubu suka sa wa hannu. Akasarinsu mabiya mazhabar Cem Kaner da James Bach ne, masu ganin cewa babu wata hanyar gwaji da ta fi kowace a kowane yanayi, kuma masu fifita gwajin lalube, inda tsarawa da gudanarwa da koyo suke tafiya tare. Hujjojinsu uku ne. ISO da kanta tana fassara ijma'i da rashin dawwamammiyar adawa daga wani muhimmin ɓangare na masu ruwa da tsaki, ga shi kuwa adawar tana nan. Na biyu, tulin takardu yana cinye lokacin gwaji na haƙiƙa, ya kuma ba manaja damar fakewa da cewa an bi ƙa'ida. Na uku, da zarar lauyoyi da masu ba da kwangila suka riƙe shi, abin da aka ce na ganin dama ne zai zama dole, ribar kuma ta tafi ga masu sayar da horo da takardun shaida. Reid ya mayar da martani cewa ƙofar kwamitin a buɗe take ta hannun hukumomin ƙasashe, kuma mizanin ya yarda kowa ya rage ko ya sauya abin da bai dace da aikinsa ba, muddin ya bayyana dalili.

Ba a janye mizanin ba, masu adawa ma ba su sauka ba. Amma wanda ya duba gardamar da kyau zai ga cewa zafinta ya fi sauka a kan matakan aiki da takardu, wato gadon 1983. Rabo aji-aji da bakin iyaka kuwa, Kaner da kansa ya daɗe yana koyar da su. Hujja ta biyu ta masu koke ita ce mafi ƙarfi, kuma Ariane tana bayanta. Rauninsu shi ne ba su ba mai saye wani abin riƙo ba ban da ya amince da ƙwarewar mai gwaji, alhali amincewa irin wannan ce asibitocin Therac-25 suka yi.

Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa wani ƙaramin sabuntawa. Kafin a janye shi, cikin abin da bai kai awa ɗaya da rabi ba, ya durƙusar da na'urori masu Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka koma takarda da biro. Rahoton da kamfanin ya fitar a watan Agusta ya bayyana cewa an tsara wani sashe na manhajar ya duba gurabun bayani 21, amma sashen da ke ciyar da shi 20 kawai yake bayarwa. An gwada sashen, an kuma yi watanni ana amfani da shi lafiya, domin a dukan ƙwayoyin gwajin an sa wa gurbi na 21 alamar "ko mene ne", wadda ba ta sa manhajar ta leƙa gurbin. Gurbin yana da aji biyu, an gwada ɗaya. A ranar da aka fara aiko da umarni mai neman takamaiman abu a gurbi na 21, manhajar ta miƙa hannu inda babu komai, na'urorin suka faɗi. Daga cikin gyare-gyaren da kamfanin ya lissafa har da binciken iyakar gurabun yayin aiki, da ƙarin ƙwayoyin gwaji masu sa takamaiman bayani a kowane gurbi, da kuma sakin sabuntawa rukuni-rukuni a maimakon a aika wa kowa a lokaci guda.